Zarton Zayyana: Jagora ga Mai Son Fitar da Ado a Katako

Ranar Lahadi, in kasuwar Illela ta cika ta batse, masu shanu da raƙuma suna can kara suna ciniki, mu ma masu ƙananan sana'o'i muna samun namu baƙin. Ba a rasa saurayi ɗaya ko biyu da zai shigo shagona da leda a hannu, wani ma har injin yake ɗaurowa a bayan kabu-kabu. Kafin ya kwance ledar na san abin da ke ciki: guntun filawud da aka fara yanka dagi a kai aka watsar, gefensa ya ƙone ya yi baƙi, sai tarin karyayyun ruwan zarto. Maganar kuma ba ta sauyawa: "Maigida, jabun inji aka sayar mini." Sai in ɗaura sabon ruwa, in yanka masa da'ira a gabansa da injin nan nasa, in miƙa masa. Da wuya laifin ya zama na inji. Katakon da aka zaɓa ne, da hannun da ke turawa, da garajen shafa banish. Na gaji da maimaita wannan karatu duk mako, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, zarton zayyana ba shi ne jigso ɗin da kafintoci ke riƙewa suna bin katako da shi ba. Wannan a kan tebur yake zaune kamar keken ɗinki, da siririn ruwa mai tsawon inci 5 wanda aka ɗaure sama da ƙasa, yana hawa yana sauka. Shi yana wuri ɗaya, kai ne kake juya katakon. Saboda sirantar ruwan, tsinke muke ce masa a shago, haka kuma zan riƙa kiransa a nan. Abin da ya raba shi da sauran zartuna shi ne ana iya kwance tsinken, a zura shi ta ɗan rami a tsakiyar katako, a ƙwaƙule ciki ba tare da an taɓa gefe ba. Da haka ake fitar da dagi, da rubutun Larabci, da firam ɗin madubin amarya, da haruffan da yara ke wasa da su. A Ingila, ƙarshen ƙarni na 19, aikin ya zama abin sha'awa na gida-gida, har kamfanin Hobbies na garin Dereham ya fara fitar da mujallar mako-mako a 1895 don masu yinsa, kuma da hannu ko da ƙafa suke sarrafa zartunansu. Na kawo wannan ne don kada wani ya fake da rashin wuta.

Kayan da za ka tanada

Zarto. Iri uku ne. Akwai na hannu, mai baka kamar harafin U, zurfinta kusan santimita 30. Akwai na ƙafa, wanda mai walda mai basira zai iya haɗa maka daga ƙafar tsohon keken ɗinki. Akwai kuma na lantarki. Shawarata ka fara da na hannu ko da wata biyu ne, domin a tafin hannunka za ka ji lokacin da tsinke ya gaji, abin da inji zai ɓoye maka har sai ya karya shi. Na hannun yana bukatar ɗan katako mai tsagi kamar bakin tsuntsu, a ɗaure shi a bakin tebur, a kansa ake ɗora aiki.

In za ka sayi na lantarki, duba abu huɗu. Na farko zurfin wuya, wato nisan tsinke daga bayan inji; inci 16 ya ishi mafari. Na biyu ya kasance ana iya rage gudunsa da ƙarawa, yawanci tsakanin bugu 400 zuwa 1,600 a minti. Na uku ya karɓi tsinke marar fil a kai, saboda mai fil sai an huda masa babban rami, ba ya shiga ƙananan lunguna. Na huɗu, wanda ya fi jawo kuka: karanta ƙarfen da ke jikin inji. 'Yan Kwatano da suka fito daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, ta Nijar ma kusan haka. Ka soka shi kai tsaye, hayaƙi kawai za ka gani. Sai da tiransifoma mai rage wuta. Hegner na Jamus da DeWalt suna da suna, amma ko marar suna zai yi maka aiki in bai cika rawa ba. Ka sa a kunna, ka ɗora kofin ruwa a teburinsa. In kofin ya kama tafiya, bar musu kayansu. Waɗannan injina ba su da cin wuta, ƙaramin sola da inbata mai tsaftatacciyar wuta suna ɗaukar su.

Tsinke. Lamba yake da ita, ƙarama siriri, babba kauri. Lamba 2 ko 3 don katakon milimita 3 zuwa 6, lamba 5 don matsakaici, 7 zuwa 9 don mai kaurin milimita 18 ko fiye. In ka sami wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suka juya sama, saya, yana hana bayan filawud tsagewa. Kada a ruɗe ka da na maƙeran azurfa: haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, garin katako yake toshe su nan take. Tsinke ba ya samuwa a kowane shago. Duk ranar da ka shiga Sakkwato ko Kano ka gan shi, ko ka sami mai kawo maka, sayi dozin-dozin.

Sauran kuwa sanannu ne: injin huda da ƙananan bakuna na milimita 1 zuwa 3, samfefa lamba 120, 180, 220 da 320, ƙananan magagari, sukwaya, gam fari irin na kafintoci, salatif na takarda da mai haske, fensir, buroshi mai laushi, tsummokaran auduga, tabarau, da takunkumin hana ƙura.

1. Zaɓen katako

Mafari ya fara da filawud na milimita 4 ko 6. Dalili shi ne filawud falle-falle ne da aka manna a giciye, don haka siririn reshe ba ya ɓallewa ko ta ina ya fuskanta. Amma ka duba gefen fallen kafin ka biya. Mai araha cike yake da kogo a ciki, kana tsakiyar harafi sai tsinke ya faɗa rami ya zarce. Ɗaga shi ka hanga ta tsawonsa, in ya gantsare kada ka ɗauka da sunan zai miƙe. Bayan tsofaffin durowa da kabad na da, waɗanda ake yarwa, sau da yawa sun fi sabon na kasuwa kyau nesa ba kusa ba.

In hannunka ya faɗa, sai ka koma katako na ainihi. Madaci ne sarki: ja ne, yana karɓar mai, ba ya saurin kantarewa. Dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ya cika mana gari, danginsu ɗaya da madaci, gara ba ta cika son sa ba, sai dai jijiyarsa a harɗe take, tana wahalar gogewa. Aduwa da ake sassaƙa allo da ita tana da santsi da ƙarfi. Kirya ka bar wa masu turmi, za ta cinye maka tsinke biyar kafin ka fitar da harafi ɗaya. MDF yana da daɗin yanka, amma ƙurarsa mugunya ce saboda gam ɗin da aka cuɗa shi da shi, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya ishe shi kumbura.

Babban tarkon yana ga katakon da ke zuwa daga kudu. Falankin afara ko iroko da aka yanka a daji mai laima, ya yi tafiyar kwanaki a tirela, ya sauka a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba ya zama lafiya. Waje ya bushe, ciki da sauran ruwa. Ka yanka shi a makon, ka shafe shi, bayan wata ɗaya mai kaya ya dawo maka da shi ya tsage gida biyu. Jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama, ka manta da shi makonni. A rana kuwa kada ka kuskura ka shanya shi. Masassaƙanmu sun daɗe da sanin wannan. Kawuna da ke sassaƙa alluna ba ya taɓa iccen da bai ga hunturu ɗaya a rumfarsa ba.

2. Gogewa kafin yanka

Wannan mataki kusan kowa tsallake shi yake yi. Goge fuska biyu na katakon da lamba 120, sannan 180, kana bin jijiya, tun yana falle guda mai ƙarfi. Bayan ka ƙwaƙule shi ya zama kamar raga, ko hannu ka danna da ƙarfi wani reshe zai tafi, balle ka ce za ka dirje shi. A kan filawud ka yi a hankali, fatar samansa ba ta da kauri.

3. Zane, da maganar gada

A nan ake cin nasara ko a faɗi, tun ba a kunna inji ba. Kafin komai ka yanke shawara: rubutun ne katakon, ko kuwa rubutun ne ramin? In rubutun ne zai tsaya a cire kewayensa, dole kowane yanki ya riƙe ɗan'uwansa. In kuwa rubutun ne za a ƙwaƙule, to cikin haruffa masu ido kamar mim da wau da sad, ko A da B da O na boko, zai faɗo ƙasa ya bar ƙaton rami, sai an bar masa 'yar gada da za ta riƙe shi.

Larabci yana da nasa wayon. Ɗauki sunan Muhammad: mim, ha, mim, dal, duk a sarƙe, babu ɗigo ko ɗaya, zai fito maka guda. Yanzu ɗauki Fatima. Alif ba ya kama harafin da ke bayansa, don haka sunan ya rabu biyu ke nan, ga ɗigon fa, ga ɗigo biyu na harafin ƙarshe, duk suna shawagi a iska. Haka dal da ra da wau suke yi wa kalma. Mafita ita ce ka zana layi a ƙasa ko da'ira a kewaye wadda kowane yanki zai taɓa, ɗigon kuma ka matso da shi har ya sumbaci harafinsa. Ka kuma tambayi mai aikin wane rubutu yake so. Dattijon da ya yi karatun allo da Warshu ya san fa da ɗigo a ƙasa, jikarsa 'yar Islamiyya ta san shi a sama. Na taɓa sake yanka suna ɗungurungum saboda ban yi wannan tambaya ba.

Dabarata ita ce in cike duk inda za a cire da baƙin fensir, in ɗaga takardar in bi farin da ya rage da yatsa. Duk farin da ban iya kaiwa gare shi ba tare da tsallake baƙi ba, zai faɗi. Gada kada ta gaza milimita 3 a filawud. A katako na ainihi ka ƙara mata, musamman in ta giciye jijiya. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ nan suke karyewa.

Yi hotokofin zanen ka ajiye na asali. Lulluɓe katakon da salatif na takarda, ka manna zanen a kansa da gam kaɗan, sannan ka bi sama da salatif mai haske. Na ƙasan yana sa zanen ya ɓantare ba tare da ya bar danƙo a katako ba. Na saman yana sa tsinke ya riƙa sulɓi, ƙuna ta ragu. Amma da zafinmu kada ka bar salatif ya kwana biyu a jikin aiki, balle a rana. Danƙonsa narkewa yake yi ya shige katako, banish kuma ba zai kama wurin ba.

4. Huda

Duk ramin da za a ƙwaƙule yana bukatar ƙofar da tsinke zai shiga. Huda kusa da kusurwa, cikin ɓangaren da za a cire, ba a kan layi ba. Sa wani guntun katako a ƙasa, in ba haka ba bakin huda zai fasa bayan aikin yana fita. Ka tabbata hudar a tsaye take, domin in ta karkata a katako mai kauri, sama tana cikin shara ƙasa kuma ta ci maka layi. Gama duka hudar a zama ɗaya, ka shafe bayan da samfefa don aikin ya kwanta daram a tebur.

5. Ɗaura tsinke

Haƙora su fuskance ka, bakinsu ya kalli ƙasa. Shafa da yatsa a hankali daga ƙasa zuwa sama, ya kamata ka ji suna kama ka. In ka ɗaura shi a kife, katakon zai riƙa tsalle yana dukan tebur kamar ana kiɗan kalangu. A zarton hannu ma haka ne, haƙora suna kallon mariƙi.

Sai ɗamewa. Ja shi har in ka taɓa shi da farce ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar gurmi, in ka tura shi gefe kuma kada ya kauce fiye da milimita 3. Masu koyo tsoro suke ji su bar shi sako-sako, alhali sakon ne ya fi karyewa, kuma yana lanƙwashewa cikin katako ya ba ka yanka mai gangare. Sabon tsinke yana zuwa da ɗan mai a kawunansa. Goge su da samfefa don kada ya zame daga maɗauri. A ƙarshe ɗora sukwaya ka ga tebur da tsinke sun daidaita. In ba ka da ƙaramar sukwaya, ɗan tsaga guntun katako mai kauri, ka juyo da shi ta bayan tsinke. In tsinken ya shige tsagar ba gardama, tebur ya zauna.

6. Yanka

Ranar da na fara, a rumfar kawun nan nawa ne, da zarton hannu. Na karya uku a jere yana kallona yana feƙe gizagonsa bai ce uffan ba. Da na ɗauko na huɗu sai ya ce, "Yaro, kak ka tura shi. Bari shi ci da kainai." Shekarun da na yi a aikin nan ban sami abin da zan ƙara a kan wannan ba sai bayani. Hannunka aiki biyu yake yi: danna katako ƙasa, da juya shi. Turawar kaɗan ce, gwargwadon yadda haƙora ke share hanya. In ka ga tsinke ya lanƙwasa baya, ko ka ji ƙauri, ka wuce gona da iri. Sassauta, ka bar shi ya dawo tsaye.

Fara da ƙananan ramukan tsakiya, ka fito waje a hankali, gefen waje shi ne na ƙarshe, don aikin ya kasance da abin riƙewa har ƙarshe. Idonka ya kasance ɗan gaba da tsinke, ba a kansa ba, kamar mai tuƙa babur a yashi.

Za ka lura tsinke yana janyewa gefe ɗaya ko da ka miƙe hannunka. Ba maita ba ce. Yawancinsu wajen ƙira ana barin ɗan kaifi a gefe guda, don haka sun fi ci ta nan. Ka ɗan karkata katakon har layin ya miƙe, ka riƙe wannan karkatar. Kuskuren da ake yi shi ne tura katako gefe don a dawo kan layi, wannan kuwa shi ne ajalin tsinke. In ka kauce, juya aikin ka dawo a hankali, ba wanda zai gane bayan an cire takarda.

A kusurwa mai kaifi, dakatar da turawa, ka bar inji yana gudu, ka ɗan ja aikin ya jingina da bayan tsinke inda babu haƙori, ka sa yatsa ɗaya ya zama turke, ka juya. In kusurwar waje ce, zarce cikin shara ka yi 'yar da'ira ka dawo ta ɗaya layin, za ta fito da tsini kamar an feƙe. Dagi kusurwoyi ne da saƙa, don haka kada ya zama aikinka na farko. Yi kwana uku kana yanka layi miƙaƙƙe, da igiyar ruwa, da tauraro, a guntayen banza.

Rage gudu a siririn filawud, ƙara a katako mai kauri. In kana da oda mai yawa iri ɗaya, kamar abin riƙe makulli na rabon biki, haɗa falle uku ko huɗu na milimita 3 ka naɗe da salatif ka yanka su tare. Ban da saurin, kaurin yana sa tsinke ya natsu.

Tsinke ba ya daɗewa. A katako mai tauri ko filawud mai yawan gam, rabin awa ma ya yi ƙoƙari. Da ka ji kana ƙara ƙarfi, sauya shi. Lokacin da aka rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mai kawo mini ta Ƙonni ya daina zuwa, sai da na koma lissafa su ɗaya-ɗaya kamar kuɗin guzuri. A nan na koyi wata dabara: haƙoran da ke daidai tebur kaɗai ke aiki, na sama suna nan sababbi. Sai na sami falle mai kaurin milimita 18, na huda shi, na ɗaure a kan teburin inji. Aikin ya hau sama, tsinken da ya dakushe ya dawo sabo. Har yau ban daina ba.

Kafin in wuce, ga abin da ke iya kai mutum asibiti. Naɗe hannun riga, babbar riga kuwa cire ta ka rataye. 'Yan mata masu koyo su ɗaure hijabi ta baya. Kada ka sa safar hannu, in haƙori ya kama zare yatsa zai ja. Kada yatsanka ya tsaya a kan layin da tsinke ke bi. Sa tabarau, karyayyen tsinke yana tsalle. Takunkumi kuma ba ado ba ne: ƙurar iroko da madaci tana tayar da asma da ƙaiƙayi, a hunturu ga ta gari ga ta shago. In da janareta kake aiki, waje zai zauna, nesa da ƙofa. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba sallama. Cire wuta kafin ka sauya tsinke, musamman in akwai yara a kusa da makunni.

7. Gyaran gefe

Ɓantare takardar a hankali. Yayyanka samfefa lamba 220 siri-siri, ka zura cikin ramuka kana ja kamar mai sakace, ko ka manna ta a tsinken tsintsiya. Bayan aikin ka kwantar da shi a kan samfefar da aka shimfiɗa a tebur ka murza a hankali. In reshe ya karye kada ka yar: ɗigon gam fari, ka riƙe da salatif, ka share abin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma nan take, domin busasshen gam ba ya shan launi, tabo zai bari. Kakkaɓe ƙurar da buroshi har cikin lunguna.

8. Launi da shafi

Aikin kwana uku a minti goma ake kashe shi a nan. An ɗauko banish mai kauri kamar zuma, an lafta da ƙaton buroshi da tsakar rana, ya taru a ramuka ya daskare, ƙurar hunturu ta zauna a kai. Sai aikin ya koma kamar an tsoma shi a alewa.

Ƙa'idar farko: duk abin da ka shafa a gaba, shafa shi a baya da gefuna. Katako yana shan laima da damina ya amayar da ita da rani. In fuska ɗaya ce a rufe, ɗayar ce kaɗai za ta riƙa motsi, aikin ya gantsare. Ta biyu: gwada komai a guntun da ya fito daga katakon nan, ba wani ba.

In launi kake so, ba sai ka je nesa ba, dukawan Sakkwato sun riga mu. Jiƙa dakakkiyar bagaruwa ta kwana, ka tace, ka shafa ruwan a katako ya bushe. A wata kwalba ka zuba tsatsattsun ƙusoshi cikin ruwan khal su yi kwanaki, amma kada ka toshe bakin kwalbar, iska ce ke taruwa a ciki. Shafa wannan a kan na bagaruwar, kana kallo katakon zai rikiɗe ya yi baƙi. Hikimar kuloko ke nan da ake baƙanta fata da shi: ƙarfe ya gamu da dacin bagaruwa. Baƙin yana shiga jikin katako, jijiya kuma tana nan ana gani, ba kamar fenti ba. Karan dafi yana ba da ja mai kyau, lalle yana ba da ruwan ƙasa, sai dai rana tana koɗar da su, na cikin ɗaki ne. Duk launin da ke da ruwa yana tayar da gashin katako. In ya bushe ka shafe da lamba 320 sama-sama.

Shafin kansa ya danganta da inda kayan za su zauna. Aiki mai yawan ramuka ya fi son mai: man linsid dafaffe, a sirka shi rabi da rabi da tafentain, a zuba a faranti mai faɗi a tsoma aikin, a ɗaga ya tsane, a goge duk abin da ya rage a sama, a bar shi kwana biyu ko uku. A madaci babu abin da ya kai shi fito da ja. Amma ka ji wannan da kyau: tsumman da ya sha linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a kwana, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta shi kaɗai, ba ashana. Baza shi a ƙasa a waje ya bushe, ko ka nutsa shi a bokitin ruwa.

In ƙyalli ake so, irin na kayan ɗakin amarya, fara da sila hannu ɗaya, ka goge da 320, sannan banish da aka tsinka, hannu biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba. Na gwangwanin fesawa ya fi shiga lungu. Riƙe shi nesa kamar taƙi ɗaya, ka fesa ta kusurwa huɗu. Lokacin shafi shi ne da sassafe bayan asuba, kafin iska ta tashi. Yayyafa ruwa a ƙasan shago, ka shafa, ka kife babban kwali a kai. Da tsakar rana sama ke bushewa ya kulle na ciki, sai ƙuraje su fito. A watan Agusta kuma, ranar da hadari ya haɗu, mai saurin bushewa yana yin hazo fari. Jira rana ta buɗe. Banish da tinar da ake tsinka shi da ita abokan wuta ne. Garinmu ga masu shayi ga 'yan bumburutu a kowace kwana, ka san inda kake buɗe gwangwani.

Abin da yaro zai sa a baki, kamar haruffan wasa, kada ya ga banish ko ragowar fentin da ba ka san asalinsa ba. Narka kakin zuma kashi ɗaya cikin kashi huɗu na farin man farafin na kemis, a kwano cikin ruwan zafi ba a kan wuta kai tsaye ba, ka bar shi ya huce ya zama kamar man kaɗanya, ka murza da tsumma. Man gyaɗa kada ka fara, yana yin ɗoyi ya kira tururuwa. Baƙin mai na inji da ake shafa wa katakon rufi saboda gara, can ya dace, ba a kayan ɗaki ba.

9. Baya, ratayewa da shara

Aiki mai raga yana son bango a bayansa: wani fallen filawud da aka baƙanta, ko ƙyallen karan-miski, ko jar fatar akuya ta Sakkwato, wadda ni na fi so a bayan farin katako. Bangon yana fito da zanen, yana kuma tallafe gadojin. Inda za ka sa gam kada mai ya taɓa, in ba haka ba ba zai kama ba. In a ginin ƙasa za a rataye, manna 'yan ƙananan katakai a kusurwoyin baya don ya ɗan tashi daga bango, gara da laima su rasa hanya. Wanda zai tsallaka da shi Ƙonni a babur, sa masa aikin tsakanin kwali biyu ka ɗaure tam, kada ka ba shi a leda.

Garin katakon da ka share kada ya shiga murhu in na MDF ne ko filawud. Guntayen da suka fito daga aya ko sunan Allah kuwa, da takardar zanen da ka ɓantare, da wanda ya lalace a hannunka, ba sa bin shara. Ina da kwanon sha na musamman a ƙarƙashin tebur da nake tara su. In ya cika, in ƙone su a wuri mai tsabta, in binne tokar a gindin dogon yaron da ke bayan shago.